Littafin Yaya da Irin Kuɓewata

Ba zan taɓa mantawa ba, kuma ko na ce zan manta mutanen Kwanyawa ba za su bar ni ba, da wata Asabar da na tara jama'a a zaurena da bakina, na sa aka yanka zakaru biyu, na zuba babbar rigata ta Sallah, duk don a zo a shaida yadda nake riƙe amana. An kuwa shaida.

Bari in fara gaya maka ko ni wane ne, kada ka ɗauka wani malami ne yake ba ka labari. Bokona aji biyu ne, na biyun ma ban ga ƙarshensa ba, saboda ni da malamin lissafi mun kasa fahimtar juna: shi yana da bulala, ni ina da ƙafa. A makarantar allo kuwa na kai inda zan yi salla ba a yi mini dariya ba, daga nan na yi wa masu himma fatan alheri. (Wannan rubutun da kake gani da furfurata na koyo shi, kuma za ka ji abin da ya kora ni makaranta.) Abin da na iya shi ne gona, a gonar ma iri. Irin kuɓewata, da na kabewa, da na yakuwa, da na gauta, ka tambayi kowa daga nan har ƙasar Rogo. Ba na sayarwa, kyauta nake bayarwa, kuma ina son a san na bayar.

Yayana, Allah ya jiƙansa, shi ya kwashe karatun gidanmu kaf. Hedimasta ne. Da an yi hutu sai ya hau kekensa ya bi ƙauyuka, ya durƙusa gaban tsofaffi yana tambaya: wa ya sari garin nan, daga ina aka taso, ina kasuwa take ci kafin ta tashi, wace waƙa ake yi a wurin gayya, wacce mata suke yi a kan dutsen niƙa. Har ƙauyukan da ruwan dam ya shanye daga baya, sai da ya bi su gida-gida tun suna tsaye. In ya dawo ya zauna gaban tafireta yana ƙwanƙwasa ta da yatsu biyu har la'asar. Ni kuwa ina can ina nome masa gonarsa, ina cewa a raina wani dai Allah ya hutar da shi.

Da ciwon ajali ya kama shi sai ya sa aka kira ni. Ya nuna mini wani akwatin ƙarfe a gindin gadonsa ya ce, "Ka riƙe wa Ummi wannan. In ta girma za ta nema." Ummi 'yarsa ce tilo, sunan mahaifiyarmu ta ci, shi ya sa ba ma kiran sunanta na yanka. Lokacin ko haƙoran gaba ba ta gama famfara ba. Na ce, "Yaya, ka ɗauka yana hannun hukuma." Bayan rasuwa uwarta ta koma Kano da ita, akwati ya dawo ɗakina.

Bayan sadakar arba'in na buɗe shi in ga abin da nake gadi. Kaya kashi uku ne. Akwai mujallu da littattafan boko masu santsin takarda, tuli guda. Akwai wani littafi mai baƙin bango, wanda Yaya ya buga da tafiretarsa ya kai aka ɗinke. Sannan can ƙasa akwai wani ɗauri na takardu da suka yi ja don tsufa, da rubutun Larabci, da bisimilla ɓaro-ɓaro a sama.

To, ka san yadda aka tashe mu. In ka ga takarda mai rubutun Larabci a ƙasa, tsayawa kake yi ka ɗauke ta, ka kaɗe, ka soke ta a jikin katanga inda ƙafa ba za ta kai ba. Takardar boko kuwa ita ce ta mai ƙosai da mai tsire, in ka gama ci ka goge hannu ka yar. Don haka ban ɓata lokaci ba wajen gane wanne ne amanar. Ina ganin bisimillar nan na rufe, ban ƙara ko harafi ɗaya ba, don ba ni da alwala. Na je kasuwar Karaye na sayo gafaka sabuwa ta jan fata, na zuba su, na rataye a saman gadona. Duk Juma'a sai na turara ta. Ban taɓa buɗewa ba, a cewata abin manya ne. Shekarar da gobara ta cinye rumbun maƙwabcina ta tsallake nawa, ban ce komai ba a gaban masu jaje, na dai ja su ɗaki na ɗaga kai na dubi gafaka na girgiza kai. Kafin sati labari ya kai Yola. (Tamu ta nan Karaye nake nufi, kada ka ƙara mini girman da ban kai ba.)

Sauran kayan kuwa na bar su a akwati, ban da niyyar taɓa su. Yayarmu Abu, wadda take aure a Rogo, ita ta jawo. Ta zo ganin gida, za ta koma, ta ce in ba ta irin kabewa. Na ɗebo, na duba babu abin zubawa, ga direba yana ta danna ham a bakin hanya. Sai idona ya faɗa kan akwati. Na ɗauko mai baƙin bangon na juya shi ta baya, don a lissafina ƙarshen littafi ai an riga an gama magana, na yage shafi ɗaya. Na ƙunshe mata, na ɗauki biron Yaya na zana ƙaton zagaye a kai, alamar kabewa ce.

Allah ya isa tsakanina da ingancin takardar nan. Ba ta yagewa a naɗi, ba ta jan danshi da wuri, in ka lanƙwasa bakinta sai ta zauna kamar an ɗinke. Na gwada ta mujallu, santsi gare ta, iri zubewa yake yi, na ƙyale su. (Kada ka yaba mini, ba tausayi ba ne.) Daga nan abin ya zama tsari. Kuɓewa dogon layi, kabewa zagaye, yakuwa ɗigo uku, gauta zagaye da wutsiya. Shekara ashirin da wani abu ina wannan aiki, shafi-shafi, daga baya ina yo gaba. Har yaba mini ake yi, wai ƙunshina ya fi na shago tsafta.

Ana nan, bara waccan da kaka, sai ga wayar Ummi. Ta zama malama a jami'a, tana neman digiri na uku, kuma a kan tarihi da waƙoƙin ƙasarmu take bincike. Bayan mun gaisa, ta tambayi Innarta da gona da ciwon gwiwata, sai ta ce, "Baffa, na wahala. Na shiga laburare a Kano, na je Zariya, na je Kaduna. Na bi masu baza tsofaffin littattafai a kasuwa ɗaya bayan ɗaya. Abin da aka rubuta a kan Karaye da Rogo bai taka kara ya karya ba. Sai a wata tsohuwar mujalla na ga wani ya ambaci aikin Baba, ya ce ya taɓa ganinsa a hannunsa, ba a buga ba. Malamina ya ce in har yana nan, to a kansa aikina zai tsaya. Baffa, takardun Baba suna nan?"

Na dubi gafaka. Na ce, "Ummi, ko ƙuda bai taɓa sauka a kansu ba."

Na ji ta sauke ajiyar zuciya. Ta ce za su zo ranar Asabar ita da malamin nata.

Mai ɗakina Hajara tana tankaɗe a tsakar gida, ta ji komai. Ta ce, "Malam, ka tabbata na gafakar take nufi?"

Na ce, "Jami'a za ta taso tun daga Kano saboda takardar ƙosai? Ke dai ki ji da zakarun."

Ta ce, "To." Shekara arba'in ina zaune da matar nan, har yau ban koyi jin tsoron wannan "to" ɗin ba.

Da ni mai hankali ne da na karɓi baƙina mu uku a ɗaki. Amma ina. Na aika wa Liman, na aika wa Mai Unguwa, na bi majalisa na sanar. Har taubashina Sale na gayyata, mutumin da tun muna yara aikinsa ke nan ya jira in yi tuntuɓe. Na ce ya zo ya ga yadda ake daraja mutane, ko ya koya.

Suka iso da hantsi. Malamin nata, Dakta ake ce masa, dattijo ne siriri mai tabarau, ya tuɓe takalmi tun daga bakin zaure, ya gaida Liman, ya gaida Mai Unguwa, ya tambayi amfanin gona da na dabbobi, da ka gani ka san ɗan mutunci ne. Aka ci, aka sha fura. Sai na gyara murya.

Jawabin nan shi ya fi ci mini rai har gobe. Na ce jama'a mun lalace. Na ce akwai gidaje a garin nan, ba zan kama suna ba (ina faɗa ina duban Sale), da iyayensu suka bar littattafai gara ta cinye. Na ce mutumin da bai san darajar takarda ba, da shi da akuya bambancinsu riga. Dakta ya fito da waya ya ce, "Baba, in ba damuwa zan ɗauki maganar nan, ɗalibaina su ji." Na ce ya ɗauka, har na sake maimaita ta akuyar don ta fito sosai.

Na shiga na ɗauro alwala, na sauko da gafaka da hannu biyu, na fito a hankali kamar mai ɗauke da jariri. Dakta ya miƙo hannu. Na ce, "Dakta, a yi haƙuri, da alwala?" Ya janye hannunsa ya ce gaskiya ne. Na miƙa wa Liman.

Liman ya warware, ƙamshin turaren shekara ashirin ya cika zaure. Ya ɗauki ta sama ya ja bisimilla da muryar da yake jan sallar asuba, kowa ya sunkuyar da kai. Ya shiga layi na biyu da wannan murya, sai na ji muryar tana sauka, tana sauka, har ta dawo irin wadda yake ciniki da ita a kasuwa. Ya tsaya. Ya matso da takardar kusa da ido.

Ya ce, "Ai wannan Hausa ce. Ajami ne."

Na ce, "To, sirrin ne aka sauƙaƙa. Ci gaba, Allah gafarta."

Ya ce, "Sanarwa ce ga manoma, daga ma'aikatan gona na zamanin da. Yadda ake adana iri." Ya bi layi da yatsa. "An ce a shanya shi a inuwa. A gauraya da toka. A zuba a kwalba ko a tulu, a toshe baki." Na ga gemunsa yana rawa. "An kuma ja kunne, kada a ƙunshe iri a tsumma ko a takarda, saboda ƙwari."

Na ce a duba na ƙasa. Ya duba ta biyu, ya duba ta uku, ya zaro ta tsakiya. Duk abu ɗaya ne. Ashe ba wa Yaya aka yi ya raba wa iyayen yara, waɗannan ragowar ne.

Sale ya ce, "Yanzu na gane. Shi ya sa wutar nan ta tsallake rumbunka. Ta leƙa ta ga takardar hukuma."

Zaure ya ɗauka. Mai Unguwa ya rufe baki da hannun riga kafaɗunsa suna tsalle. Dakta, don kirki, ya ce ai wannan ma abin tarihi ne, a ba shi guda ɗaya. Wallahi da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Amma har lokacin ina ganin abin zai tsaya a dariya, in sha tsiyar Sale wata guda a wuce wurin.

Ummi ce kaɗai ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Ba komai, Baffa. Dama ba waɗannan nake nufi ba. Littafin da Baba ya buga da tafireta. Mama ta ce baƙin bango gare shi."

Daga zaurena zuwa ɗakina taku ashirin ne. Ban taɓa tafiya mai nisanta ba. Hajara tana bakin murhu, ba ta ɗago ba, ta dai ce, "An ga gafakar?" Na buɗe akwati. Mujallun nan suna nan lafiya lau, ban da shafin da na gwada, ko kunne bai lanƙwashe ba. Mai baƙin bangon kuwa ya rame, bango da bango sun kusa haɗuwa. Na tsaya ina tunanin in haura katanga in bi ta cikin dawa, sai na tuna an girbe dawar, kuma gwiwata ba ta hawa katanga.

Na kwaso mujallun duka na ɗora shi a can ƙasa, ko Allah zai sa a shagala. Dakta ya duba su ya ce masha Allah, amma waɗannan akwai su a jami'a. Ummi ta zaro na ƙasan. Ta buɗe. Shafi tara suka rage, kuma don a cika mini azaba, a cikinsu akwai wanda Yaya ya jera abin da ke cikin littafin. Ta karanta a hankali, ba don kowa ba, don kanta: asalin unguwanni, rijiyoyi da waɗanda suka haƙa su, waƙoƙin gayya, waƙoƙin niƙa, garuruwan bakin kogi. Shafi ɗari da tamanin.

Ta ce, "Baffa, gara ce?"

Ga ƙofa a buɗe. In ce gara, a yi salati, a tashi. Har na buɗe baki. Sai na ga Sale ya cire hularsa, ya laluba cikin naɗinta, ya zaro wani ɗan ƙunshi mai dogon layi a kai, wanda na ba shi ranar Talata da hannuna. Wannan karon ba da tsiya ya yi ba, muryarsa ma ƙasa take. Ya ce, "'Yata, ko irin wannan ce?"

Ta warware. Ta rasa inda za ta zuba irin, Dakta ya tara mata tafin hannu. Ta shafe takardar a kan gwiwarta ta karanta layi biyu. Daga gabatarwar littafin ne, sunayen matan da suka rera wa Yaya waƙar niƙa, a wani gari da yanzu masunta suke wucewa ta samansa da kwalekwale. Liman ya ce a hankali, ta biyun nan kakarsa ce.

Dakta yana zaune da irin kuɓewa a hannu, wayarsa tana gefe, kuma na lura bai kashe ta ba.

Ummi ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Baffa, mutum nawa ka ba wa iri?"

Na ce, "Ummi, ni ban taɓa hana kowa ba." Maganar da na shekara ashirin ina taƙama da ita ke nan. Ranar na ji yadda take a kunnen wani.

Bayan la'asar Liman ya yi sanarwa a masallaci, ina sahun gaba: duk wanda yake da ƙunshin irin wane, ya juye irin ya kawo takardar. Ya ƙara da cewa a duba cikin azara, da gwangwanin madara, da ƙarƙashin katifa. Abin da ya cece mu shi ne halin manomi, ba ya yar da ƙunshi mai kyau, in ya shuka ya mayar da sabon iri a ciki. Kafin magariba an kawo talatin da ɗaya.

Sauran sai da muka bi su. Sati uku ina goye da Ummi a babur, Yola, Unguwar Hajji, rugagen da ke tsakani. Kuma ka san ba a shiga gidan mutum a ce ba ni takardata. Sai an yi sallama, an shimfiɗa tabarma, an tambayi gida da gajiya da sanyi da iyali, an kawo ruwa, sannan a ce, "Lafiya dai?" Ni kuma in fara daga farko, da bakina, Ummi tana zaune tana duban ƙasa. Sau sittin da wani abu na ba da labarin nan. Wata tsohuwa a Unguwar Hajji ta hana tata, ta ce ita ta san rubutun jikin takardar ne yake sa kuɓewarta 'ya'ya, sai da na rantse mata ba ni da wani asiri (wannan ma wani zubar da girman ne). Wani ya ce akuya ta cinye tasa, Ummi ta dube ni, na dubi akuyar, muka gane juna. A Yola kuwa da aka karanta wa wani dattijo shafinsa sai ya miƙe, wai Hedimasta ya yi son kai, kakansa ne ya haƙa rijiyar ba kakan su wane ba. Mutumin da ya shekara bakwai da takardar a cikin tulu bai taɓa tambayar me ta ce ba, ranar sai da aka riƙe shi.

Rogo muka bari ƙarshe, don ina tsoron Yaya Abu. Labari ya riga mu isa. Ta rungume Ummi, ta zaunar da ita a kan gado, ni ta nuna mini ƙasa.

Ta ce, "Kai tun kana yaro haka kake. An aike ka da ƙwai ka dawo da kwanon."

Na ce, "Yaya, ai ke kika fara sa ni."

"Iri na roƙe ka. Na ce ka yaga mini ɗan'uwana?"

Ta jawo wata tsohuwar kwalla daga ƙarƙashin gado. Yaya Abu ba ta yar da komai, zaren buhu ma ajiye shi take yi. Ta fito da ƙunshin nan na farko, ya yi laushi kamar tsumma, ga zagayena a kai. Ummi ta buɗe ta ce shafin ƙarshe ne. Ta fara karantawa a zuci, sai ta tsaya. Yaya Abu ta ce, "Karanta mu ji, ai ba baƙo."

Godiya ce Yaya ya rufe littafin da ita. Ya gode wa tsofaffin da suka ba shi lokacinsu. Sannan ya ce yana gode wa ƙaninsa, wanda ya riƙe masa gona shekara da shekaru har ya samu sukunin wannan yawo, ba don shi ba da ba a rubuta ko layi ɗaya ba. Ya ce ƙanin nasa bai yi karatu ba, amma a hannunsa zai bar littafin, don bai taɓa ba shi ajiya ta ɓata ba.

Ummi ta miƙo mini. Ta ɗora yatsa ta ce, "Ga sunanka nan, Baffa." Na duba. Daidai kansa na zana kabewar. Sunana yana tsakiyarta, kamar an kewaye shi don kada ya gudu.

Yaya Abu, wadda ban taɓa ganin bakinta ya mutu ba, ta tashi ta ce bari ta duba tukunya.

Shafi ɗari da goma sha biyu muka haɗa. Sauran sun tafi, kuma mafi yawansu na garuruwan bakin kogi ne, waɗanda babu sauran mai ba da labarinsu. Wannan ba abin dariya ba ne, ban kuma taɓa mayar da shi ba. A hanyarmu ta dawowa daga Rogo muka tsaya shan mai, ban iya duban Ummi ba, na ce ta yafe mini. Can ta ce, "Da ka iya karantawa, da ka yaga?"

Na ce, "Da hannuna ya karye."

Ta ce, "Akwai ajin manya a firamaren Baba, Litinin da Laraba. In ka karanta mini shafin nan da kanka, na yafe."

Haka na koma makarantar da na gudu, na zauna a benci gwiwata tana taɓa haɓata. Wata goma sha ɗaya ya ɗauke ni. Na karanta mata a waya, ina yi ina tuntuɓe, da na zo kan sunana na tsallake, ta ce in koma.

Ta gama digirinta da abin da ya samu. Ta ce an ɗauki hoton shafukan nan duka an ajiye a jami'a yadda suke, wato duk ɗalibin da ya je neman tarihin ƙasarmu sai ya ci karo da kuɓewata da gautata. Jawabina na akuya kuwa, Dakta ya rantse ya goge, amma na ji wani ɗan Unguwar Hajji da ke karatu a can yana maimaita shi kalma-kalma. A gari kuma har yau ba a ce a ba ni irin kuɓewa. Sale ya koya musu, sai dai ka ji, "Baffa, a taimaka da ta babi na huɗu, ita ta fi yauƙi."

Abin da na koya ba shi da yawa. Takardar da na girmama ban karanta ta ba, wadda na wulakanta ma ban karanta ta ba, kuma Liman yana nan taku hamsin daga ƙofata duk shekarun nan, tambaya ce kawai ta fi ƙarfina. Gafakar tana nan a rataye, kwafin littafin Yaya ne a ciki yanzu, ina saukowa da shi in yi ta fama. Sanarwar ma'aikatan gona kuwa na bi ta sau da ƙafa, shanya a inuwa, toka, toshe baki, kuma gaskiyarsu, iri ya fi daɗewa.

Har yanzu ba na hana kowa. Amma in za ka zo, ka taho da kwalbarka.